Tambayi Likitan Dabbobi: Tafiya Hutu da Kyanwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Za mu tafi Abuja daga Kano hutun Babbar Sallah, kwana goma za mu yi, yara kuma sun kafe sai an tafi da kyanwarsu. Ba ta taɓa shiga mota ba. Yaya zan yi? — Wata uwa daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kyanwa tana shaƙuwa ƙwarai da gida da ƙamshinsa. In da akwai wanda zai riƙa leƙo ta safe da yamma, ya zuba mata abinci, ya sake ruwa, ya kwashe kashinta, barinta a gida ya fi mata daɗi. In babu, to a tafi da ita, amma shirin ya fara tun mako biyu kafin tafiya.

Ki nemi kejin ɗaukar kyanwa na roba mai tauri, mai ƙofar ƙarfe da ramukan iska, wanda za ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta a ciki. Kwali ba ya yi: fitsari ɗaya ya jiƙa shi, farce ya ƙarasa. A ajiye kejin a buɗe a falo, a shimfiɗa tsumman da ta saba kwanciya a kai, a riƙa ba ta abinci a bakin ƙofarsa, daga baya a can ciki. Bayan mako guda a rufe ta, a ɗan zaga unguwa da ita na minti goma, a dawo. Kyanwar da ba ta ga keji ba sai ranar tafiya, ko da kyanwar Lami ce, ranar za a ga cizo da yaƙushi.

Ranar tashi, a tsayar da abinci awa huɗu zuwa shida kafin a kama hanya don gudun amai, ruwa kuwa ba a hana ta. Kejin ya zauna a kujerar baya an ɗaure shi da bel, ko a ƙasa bayan kujerar gaba, a yafa masa zane mara nauyi ta gefen da rana take. Ba a sa ta a but. Ba kuma a barin ta cikin mota a rufe, ko da sallar azahar kawai aka tsaya yi. Kyanwa ba ta haki haka kawai irin na kare. In kika ga ta buɗe baki tana haki, miyau na dalala, zafi ne ko tsananin firgici. A tsaya a inuwa, a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi a tafin ƙafa da ciki, ban da ƙanƙara. In ba ta lafa ba, sai asibitin dabbobi.

Ki ja wa yara kunne: ba a buɗe keji sai ƙofofi da gilasan mota duk a rufe suke. Wadda ta kufce a bakin titin Kaduna ba ta jin kira.

In kun isa, a ba ta ɗaki ɗaya a rufe, da abincinta na gida, da robar yashi nesa da kwanon abinci. Ƙin ci na yini guda ba abin mamaki ba ne. In ya kai kwana biyu a kai ta ga likita, domin yunwa mai tsawo na taɓa hantar kyanwa, musamman mai ƙiba.

Tambaya: Likita, muzuruna kuka yake tun daga tashi har isa. In ba shi maganin barci? — Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: A'a Malam, kada ka ba shi komai daga maganin mutane. Maganin sa barci na iya sauke hawan jininsa, ya kuma hana jikinsa daidaita zafi. Farasitamol kuwa guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Akwai maganin kwantar da hankali, gabapentin, da likitan dabbobi kan rubuta gwargwadon nauyi, a gwada shi a gida kwanaki kafin tafiya. Ga asibitin koyarwa na dabbobi na ABU kusa da kai.

Tambaya: Muna son zuwa Jamus hutun ƙarshen shekara da kyanwarmu. Waɗanne takardu ake nema? — Wani magidanci daga Abuja

Amsa: Alhaji, lokaci ne babbar matsala, domin aikin na cin fiye da wata huɗu, kuma jerinsa ba ya sauyawa. Da farko a dasa mata maikirocif, 'yar na'urar shaida da ake sawa ƙarƙashin fata. Bayansa ne ake yin rigakafin cutar haukar kare, kuma sai ta cika mako 12 da haihuwa. Allurar da ta riga na'urar ba a lissafa ta. Bayan aƙalla kwana 30 a ɗebi jini, a aika ɗakin gwajin da Tarayyar Turai ta amince da shi, sakamakon, wato ma'aunin ƙarfin rigakafin a cikin jini, ya kai 0.5 IU/ml. Daga ranar ɗibar jinin a ƙirga wata uku. Takardar lafiya kuma a cikin kwana goma na ƙarshe kafin isa ake yin ta. Akwai kuma izinin fita da ita daga Najeriya da na dawowa da ita, a nemi duka biyun tun kafin a tashi.

A sanar da kamfanin jirgi lokacin yankar tikiti, don dabbobin da ake bari a wajen fasinjoji ƙidayayyu ne. Lufthansa da Turkish Airlines kilo 8 suke karɓa, kyanwa haɗe da jakarta. A wajen bincike za a ce a fito da ita, don haka a sa mata ɗamarar ƙirji mai igiya tun daga gida.