Filin Tambaya: Zan Iya Buga Golf A St Andrews Ba Tare Da Na San Kowa Ba?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina da tafiya zuwa Sikotlan a watan Yuni in Allah ya yarda, ɗiyata ce za ta gama karatu a Dundee, to kuma ni ɗan golf ne, shekara tara ke nan ina bugawa a nan Kaduna. Abokai na ta ce min wai tsohon filin nan na St Andrews sai memba ko wanda yake da hanya. Gaskiya ne? Kwana biyar kawai zan yi.
— Wani Alhaji daga Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a karatun 'yarmu. Abokan nan naka sun auna abin da ma'aunin gida ne, inda komai sai ka san wani, amma filin da suke cewa Old Course ba na kulob ba ne, filin jama'ar gari ne. Tun 1552 wani babban limamin coci mai suna John Hamilton ya sa hannu a takardar da ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙin wasa a wurin, har yau kuma wata hukuma ce ta amintattu ke kula da shi, sunanta St Andrews Links Trust. Ginin nan da kake gani a talbijin a bayan wurin da ake fara bugun rami na farko, na kulob ɗin Royal and Ancient ne da aka kafa a 1754, shi ne na membobi, shi kam ba za ka shiga ba, amma ciyawar da ke gabansa kai da su duk ɗaya ne. Abin da za ka nema sa'a ce da ɗan haƙuri.

Masu kama gurbin wasa tun da wuri sun gama tun bara, don haka sauran ka ƙuri'a. Yadda take: kwana biyu kafin ranar da kake so, kafin ƙarfe 2 na rana, za ka shigar da sunanka ta intanet ko ta waya, da sunan kulob ɗinka da handikaf ɗinka, wato lambar da ke nuna matakin ƙwarewarka, da yamma a fitar da waɗanda suka dace. Matsalar ita ce ba a shiga wannan ƙuri'ar mutum ɗaya, sai biyu zuwa huɗu. In kai kaɗai ne, akwai wata daban, da can mutane layi suke kwana a cikin sanyi kamar masu jiran mai, amma tun 2024 an daina, yanzu ka je da kanka ana gobe ka yi rajista, in an zaɓe ka sai a haɗa ka da wasu da ba su cika huɗu ba. Dundee ai kusa ne, bai kai tafiyar awa ɗaya a bas ba, za ka iya zuwa ka dawo kullum har Allah ya sa a dace. Yuni lokacin cunkoso ne fa, ka sa a ranka za a iya yin kwana biyar ɗin sunanka bai fito ba.

Abu biyu kada ka manta. Handikaf kada ya wuce 36, kuma sai ka nuna shaida, to ka karɓi takarda daga sakataren kulob ɗinku tun kafin ka bar Kaduna, kada ka ce ai za su yarda da bakinka. Na biyu, ranar Lahadi ba a wasa, filin yana hutawa, mutanen gari su fito yawo da yara da karnuka a kan wurin da Tiger Woods ya ci gasar Open a 2000 da 2005. Ni dai wannan al'adar ta fi komai burge ni a garin. In ƙuri'a ta ƙi ka, ranar nan ka ɗauki Hajiya da ɗiyar ku taka filin kyauta, ku yi hoto a kan 'yar gadar dutsen nan ta Swilcan inda shahararren ɗan golf Jack Nicklaus ya tsaya ya yi bankwana a 2005.

Kuɗi kuwa, a lokacin zafi ya haura fam 300 zagaye ɗaya, kada ka soma lissafa shi da naira sai ka dawo. Duk da haka zan ce ka ƙara ka ɗauki kadi, wato mai riƙe maka jakar sanduna yana nuna maka inda za ka buga, don a nan ne mutane ke yin tsumulmular da ba ta da amfani. Filin nan idan ka tsaya a farkonsa sai ka ce mene ne abin zuzutawa, shimfiɗe yake, ba bishiya, ga teku can gefe, amma akwai ramukan yashi 112 kuma da yawansu ba ka ganinsu daga inda kake bugawa, sai ka buga abin da kake ganin ya yi kyau ka isa ka tarar ƙwallo na ƙasan wani rami mai bango a tsaye wanda sai dai ka fitar da ita ta gefe ko ta baya. Na rami na 14 sunansa ma Jahannama, ya fi tsayin mutum zurfi. Tiger a 2000 ya yi kwana huɗu bai faɗa ko ɗaya ba, ni kuwa da na buga na faɗa uku kafin rami na 9, duk don kadi ya ce hagu na ga kamar dama ta fi. Ka bi maganarsa Alhaji, ko da ka girme shi.

Sannan wuraren ramin guda 7 na haɗaka ne, rami biyu a girin ɗaya, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ke kewaye da rami, kuma in ka haɗa lambobinsu kullum 18 suke bayarwa, 2 da 16, 3 da 15, haka dai. Girmansu ya isa ka tsaya kana gangara ƙwallo daga nisan da a gida sai ka ɗauko wata sandar. Ita kanta al'adar ramuka 18 ɗin da duniya ke bi daga nan ta samo asali, da 22 ne, a 1764 aka rage. Rami na 17 shi ne mai sa gumi, za ka buga ta saman kusurwar otal ba ka ganin inda za ta sauka, ga titi a bayan girin ɗin wanda in ƙwallo ta hau daga nan za ka buga ta.

A ƙafa ake zagayawa, mota sai mai larura, ka fara tattaki tun yanzu. Ka tafi da rigar ruwa da ta sanyi ko da rana ta fito, iskar tekun nan ba irin ta hunturunmu ba ce, da danshi take zuwa. Rana kuma sai wajen 10 na dare take faɗuwa a Yuni, ka duba jadawalin sallah na masallacin Dundee kada agogon jikinka ya ruɗe ka.

In bai samu ba kwata-kwata, a gefensa akwai New Course, wanda sabuntar tasa tun 1895 ce, da Jubilee na 1897, ƙasa ɗaya iska ɗaya, kuɗin bai kai ba, samun wuri ya fi sauƙi. Ka dai duba ranar bikin yaye ɗaliban kafin ka shiga ƙuri'a, don in ta faɗo rana ɗaya ba ni zan yi wa Hajiya bayani ba.