Giram 500 na sukari kofi nawa ne?

'Yar'uwa, kin ce za ki yi cincin ɗin biki, an rubuta miki sukari giram 500, ga shi ba ki da sikeli. Kofi biyu da rabi ne, in dai kofin awo ne mai mililita 240. Kowane kofi yana ɗaukar giram 200 na farin sukari mai tsaba, kilo ɗaya kofi biyar ke nan. Babban cokali giram 12 da ɗoriya, ƙaramin cokalin shayi giram 4. Ki cika kofin, ki shafe bakinsa da bayan wuƙa. Kada ki bar masa tozo irin na masu awo a kasuwa, tozon nan shi ke sa zaƙi ya zarce, cincin ya yi duhu a mai tun cikinsa bai soyu ba.

Amma wannan lissafi na sukari mai tsaba ne kawai. Wanda aka niƙa ya zama gari, na kwalliyar kek, kofinsa bai wuce giram 120 ba, don iska ta yi yawa a tsakaninsa. Da damina kuma sukari kan sha danshi ya dunƙule, sai kin murmushe shi kafin ki auna. Tiya da gwangwanin madara kam ba abin dogaro ba ne, kwanon wannan mai awo a Katsina ba lallai ya yi daidai da na wancan a Daura ba. In da gwangwani kika saba aiki, kai shi wurin mai shago ya ɗora miki cikinsa ɗaya a sikeli, ki riƙe adadin.