Amsa ga Malamar da Aka Hana Yin Hausa a Ajin Turanci

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce mai makarantarku ya kafa doka ba Hausa a aji, duk yaron da ya yi a ci shi tara, ke kuma kina ta zuba Turanci 'yan aji biyunki suna binki da ido kawai. Kina tambaya ko abin da ake yayi ke nan yanzu a koyar da Turanci. Na daɗe da alli a hannu, firamare da ƙaramar sakandare, don haka bari in gaya miki abin da na gani.

Mai makarantarku ba shi kaɗai ba ne. A 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen gida har aji shida. A watan Nuwamba na 2025 minista Tunji Alausa ya sanar an soke wannan, an koma Turanci tun daga ƙasa. Ni dai a ganina an yanke wa tsarin hukunci ba a gwada shi ba, domin littattafan da horon malaman ba su iso yawancinmu ba. Amma ko me takarda ta ce, yaron da ke gabanki bai canza ba. Da Hausa ya tashi, da ita yake tunani, kuma awannin makaranta ne kaɗai inda yake jin Turanci.

An gwada wannan magana tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara komai da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma darasi ne guda a hannun malamin da ya ƙware. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa ma sun yi musu fintinkau. A nan arewa, shirin Mu Karanta na Sakkwato da Bauchi da shirin RANA na Katsina da Zamfara duk a kan wannan tunani aka gina su: yaro ya fara iya karatu da harshen da yake ji.

Dalilin a fili yake. Rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake karantawa. Yaro ya gane baƙi da wasali, ya haɗa ba, bi, bu, shi ke nan ya kama sirrin cewa harafi sauti ne. Turanci ba haka yake ba, wasali ɗaya sai ya yi sauti uku ko huɗu. In kika haɗa wa yaro koyon karatu da koyon sabon harshe a lokaci guda, hadda zai koma. Ki gwada gobe: ki kira wanda ya fi kowa ɗaga murya in ana bita, ki rufe hoton da ke shafin da tafin hannunki, ki nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar layi. Sau da yawa za ki ga ya koma farkon shafin yana motsa baki, yana neman inda waƙar ta kawo shi. Abin yana ci mini rai, domin irin wannan yaron ne ke zuwa sakandare ana ce masa daƙiƙi, alhali ba a taɓa koya masa karatu ba.

Shi ya sa koyar da sautuka ya fi komai karɓuwa a shekarun nan. Jolly Phonics, da ya fito daga Ingila, yana koyar da sautuka 42, kowanne da motsinsa da 'yar waƙarsa, kuma an horar da malaman gwamnati a kansa a jihohi da dama. Yana aiki, amma in malama ta tsaya a waƙa da tafi ba ta kai yara ga haɗa sautukan su zama kalma ba, an koma gidan jiya. Ki kuma kula da sautukan da ke ba yaranmu wahala, musamman p da f. Ina ba kowane yaro guntun takarda ya riƙe a gaban bakinsa. In ya rufe leɓɓa ya saki p, takardar ta yi tsalle; in f ce, haƙoran sama na kan leɓen ƙasa, iska na fita a hankali. Suna dariya, amma suna kamawa, kuma wannan ne zai cece su a takardar furuci ta WAEC nan gaba.

Yin Hausa a aji kuwa yana da ƙa'ida. In kika fassara kowace jimla, yara za su daina sauraren Turancin, su jira fassara. Ki faɗi abu da Turanci, ki faɗe shi da Hausa sau ɗaya a taƙaice, ki maimaita da Turanci, ki wuce. Umarnin yau da kullum, tashi, zauna, buɗe littafi, rufe ƙofa, duk da Turanci, kina nunawa da jiki. Bayanin nahawu da lallashin yaron da ya tsorata, da Hausa. Ki bar su su yi magana bibbiyu ko da da kurakurai ne. Tara da bulala shiru kawai suke haifarwa, kuma da shiru ba a koyon harshe.

Akwai kuma raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa aji ba, tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, aka gwada a Kano a Wudil da Dawakin Tofa. Ko ke kaɗai za ki iya: masu harafi gefe, masu kalma gefe, masu jimla gefe, na rabin awa.

Waya da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ba na 'yan aji biyu ba ne. A 2024 an yi gwaji a jihar Edo da Bankin Duniya, ɗaliban sakandare suka yi mako shida suna koyon Turanci da ƙirƙirarriyar basirar bayan an tashi, amma da malami a tsaye a kansu. Ke ce za ta yi wa amfani, wajen jin furucin kalma kafin ki shiga aji.

Mai makaranta kuma kada ki yi jayayya da shi, iyaye yake tsoro, su kuwa Turanci suke son ji a bakin 'ya'yansu. Ki roƙe shi zango ɗaya. Ki gwada kowane yaro da gajeren labarin da bai taɓa gani ba a makon farko, ki rubuta kalma nawa ya karanta daidai a minti ɗaya, ki sake a makon ƙarshe, ki kai masa takardar. Allah ya taimaka, Malama.