Bindigar Gado: A Ɗora Mata Madubin Saiti Ko A Bar Ta Yadda Take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji tsohuwar bindigar farauta daga mahaifina, ƙirar BSA ta Ingila, mai cin harsashi .22. Da ita nake harbin zabi da zomo a gonakinmu na bayan Daura. Shekaruna 54, yanzu saitin ƙarfen dishi-dishi nake ganinsa. Yarana sun ce in sa mata madubin nan mai jawo nesa kusa. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi.

Yaranka ba su yi ƙarya ba. Saitin ƙarfe yana son ido ya haɗa abu uku lokaci guda: tsagar baya, tsinken da ke kan baki, da ita dabbar. Da zarar mutum ya haura arba'in, ido yakan fara gazawa wajen ganin na kusa. Madubi kuwa yana haɗe layin saiti da dabbar wuri ɗaya, ido ya huta. Ke nan bindigar lafiyarta lau, idon ne ya manyanta.

Amma kada ka yarda a huda ta. Ɗauko ta, ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka shafa saman ƙarfen da sakata, wato abin da ke tura harsashi ciki, ke shiga. In ka ji tsaga biyu sun miƙe, ɗaya a kowane gefe, to ka huta: akwai zobban riƙe madubi masu kama wannan tsagar, a ɗaure da noti, ran da ka ga dama ka kwance ba tabo. In saman sumul yake, sai an huda ramuka an yi musu zare. Nan ake ɓarna. Na taɓa riƙe wata da aka huda a karkace, an juya maɓallin madubin har ya ƙure, harsashi bai daina faɗawa hagu ba. Ramin da aka huda ba ya komawa, kuma masu sayen tsofaffin bindigogi sukan karya farashi da sun gan shi. Kai ma ba sayarwa za ka yi ba, kayan uba ne.

Akwai kuma ƙotar bindigar. An sassaƙa ta ne don kunci ya kwanta daidai da saitin ƙarfe. Madubi ya fi tsayi, sai kuncinka ya riƙa lilo, hannu ya ƙi zama. Baduku zai iya ɗinka maka matashin fata ka ɗaura. Ka kuma gwada ɗaga hannun sakata, kada ya riƙa dukan gindin madubin.

In za ka saya, mai ninka girma sau 4 ya wadatar. Babba yana ƙuntata fili, zomo na zabura ka neme shi ka rasa. Ita .22 ɗin ma, bayan mita 70 harsashinta ya soma sunkuyawa sosai. Lokacin hazo kuma a hure ƙura tukuna, kada a goge gilashin da bakin riga.

Da ni ne, likitan ido zan fara gani, sannan in ɗiga farin fenti a kan tsinken gaba. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Saura takarda. Lasisi ba a gadonsa. A Dokar Makamai ta 1959, irin taka Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinta, adaka kuwa Kwamishinan jiha, kuma gyaran bindiga sai mai izini. Ka san halin da jiharmu ta Katsina ke ciki: bindiga mai madubi a shingen bincike ba kallon ta maharbin zabi za a yi mata ba. Ka je ofishin 'yan sanda ka tabbatar sunanka ne a takardar kafin ka sayi ko zobe ɗaya.