Ciwon kai ya tafi, in ajiye maganin hawan jini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama Nas. Ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, shekarata 54. Bara aka ce ina da hawan jini, aka ɗora ni a kan maganin amlodipine. Ciwon kai ya tafi, amma ƙafafuna suka riƙa kumbura, sai na ajiye maganin. Yanzu sobolo (zoɓo) nake sha da tafarnuwa, kuma lafiyata ƙalau. Ya wadatar? Hajiya, daga Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya bai wadatar ba, kuma "lafiyata ƙalau" ɗin nan ce ta fi tayar mini da hankali. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai a jikinsu. Mutum yana cinikinsa, yana zuwa biki da suna, jinin kuwa yana ta dukan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da idanu a ɓoye. Ranar da abin zai fito fili, sai a ji an kwashe shi zuwa asibitin Komfo Anokye da shanyewar ɓarin jiki. Abin awo ne kaɗai zai gaya miki inda kike. In an auna a ranaku biyu daban aka samu 140/90 ko fiye, hawan jini ne, ko kai na ciwo ko ba ya ciwo.

Maganin ba ya kashe cutar, riƙe ta yake yi, kamar dutsen da ake tokare ƙafar mota da shi a gangare. Da kika daina sha, kwanaki kaɗan jinin ya koma inda yake.

Kumburin ƙafa kuwa sanannen hali ne na amlodipine, balle ga mai wuni a tsaye ko a zaune kan benci ƙafa a ƙasa. Ki koma wurin likita ki faɗa masa. Zai duba ko daga maganin ne ko zuciya ko ƙoda, sannan ya rage ko ya canza ko ya haɗa miki da wani. Magungunan suna da yawa, kowanne da halinsa: lisinopril, alal misali, yana sa wasu busasshen tari. Ki tafi da katinki na inshorar lafiya, wato NHIS, hawan jini na cikin cututtukan da yake ɗauka, sai dai ki tabbata katin bai mutu ba. Kuma don Allah kada ki karɓi ƙwayar maƙwabciya don ta ce ita ta yi mata daidai.

Ban raina sobolo ba. Bincike ya nuna yana ɗan sauke jini, amma kaɗan ne, bai kai ya maye gurbin magani ba. Na ƙullin leda da ake sayarwa a tasha ma sukari ya fi yawa a ciki. In za ki sha, ki dafa naki a gida. Tafarnuwa kuma a bar ta a miya.

Inda nake so ki sa ido sosai shi ne tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. To, ki lissafa miyarmu ta zango: dunƙule biyu ko uku, ga kifin koobi ko momoni da aka adana da gishiri, ga kanwa a miyar kuɓewa, sannan a ƙara barbaɗa gishiri. Da rana a sayi waakye (shinkafa da wake) a zuba shito (soyayyen yaji). Kafin la'asar an wuce iyaka. Ki jiƙa koobi ki zubar da ruwan, ki rage dunƙule zuwa rabi, ki bar albasa da citta da daddawa su yi aikinsu. Makon farko Alhaji zai yi ƙorafin miya ta yi lami. Harshe yana sabawa. Ki yawaita kontomire (ganyen gwaza) da ayoyo da ayaba, sai fa in likita ya ce ƙodarki ta taɓu.

Abin da mutane ba sa kawowa a rai shi ne maganin ciwon jiki na kemis. Diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini, 'yan kasuwa kuwa kamar gyaɗa ake watsa su da yamma. Ki tambayi likita wanda ya dace da ke. Batun motsa jiki kuma, tafiya da ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ta isa. Ki sauka daga trotro (motar haya) kafin tasharki ki ƙarasa da ƙafa.

In kina da hali, ki sayi abin awo irin na damtse. Ki zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu bisa tebur daidai ƙirji, ba hira, ba goro ko shayi rabin awa kafin nan. Ki rubuta a littafin da ba na bashi ba, ki riƙa kai wa likita.

In kika ga 180/120, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, a nufi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙa wani abu. Amma ke, Hajiya, ki je a auna ki cikin makon nan. Allah ya ƙara lafiya.