Me ya sa wayoyin yanzu ba sa daɗewa kamar na da?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Nokia 3310 ɗin mahaifina har yau tana aiki, ni kuwa cikin shekara huɗu na canza waya sau uku. Kamfanoni ne suka daina yin kaya mai ƙarko?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba su manta yadda ake yi ba, kasuwa ce ta juya. Nokia 3310 ta fito a shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 120. Jikinta roba ce mai kauri, allonta ɗan ƙarami, batirinta kuma da hannu ake cirewa a sa sabo. Aikinta kira da saƙo, shi ya sa babu abin da ke tsufar da ita.

Daga 2007, da iPhone ta zo da batir a rufe cikin jikinta, masu saye suka raja'a kan waya siririya mai faffaɗan gilashi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Galaxy S5 ta kamfanin Samsung, wadda ta fito a 2014: ruwa ba ya shigarta cikin sauƙi, kuma ana cire batirinta. Ashe ana iya haɗa biyun. Amma da S6 ta fito a 2015, sai aka manne bayanta da gam, sauran kamfanoni ma suka bi wannan hanya, mu kuma muka ci gaba da saye.

Batirin waya yakan fara rauni bayan an yi masa cikakken caji sau ɗari biyar ko makamancin haka, wato wajen shekara biyu. Sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau, batirin ne kawai ya gaji. Sai kuma manhaja: wayoyi masu araha da wuri ake daina aiko musu sabuntawa, daga nan wasu manhajojin su ƙi buɗewa.

Tambaya: To me zan duba kafin in sayi wata?

Amsa: Fara tambayar shekara nawa za a yi ana sabunta ta. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai, Samsung ma haka ga Galaxy S24. Sannan ka tabbatar ana samun batirinta da gilashinta wajen masu gyara. Waccan da ke hannunka kuwa, kai ta a canza mata batir tukuna, ka ga yadda za ta yi.