Kujerar Da Ake Sassaƙawa Daidai Da Jikin Mai Keken Guragu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 9, ya samu larurar ƙwaƙwalwa tun wajen haihuwa, yanzu bayansa ya fara karkacewa. Da mun ɗora shi a keke sai ya zame ya kwanta hagu, ko mun tokare shi da filo. An ce akwai kujerar da kwamfuta ke yi daidai da jikin mutum. Yaya take, kuma za ta miƙar masa da baya?
*Wata uwa daga Daura*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Akwai ta, sai dai kada sunan kwamfuta ya ruɗe ki: siffar da aka ba ta kawai take kwafa. Idan an ɗauki siffar a karkace, a karkace kujerar za ta fito.

Shi ya sa ake farawa da hannu. Likitan gashin ƙashi zai kwantar da yaron a shimfiɗa mai tauri ya duba ƙugunsa, domin daga nan zama yake lalacewa. Zai ɗora manyan yatsunsa a kan ƙasusuwan nan biyu da suka ɓullo a gaban ƙugu, ya ga ko ɗaya ya fi ɗaya sama. Karkacewar da ke gyaruwa da hannu, kujera za ta riƙe ta a gyare. Wadda ta riga ta ƙage kuwa ba a dambe da ita, sai a bi ta yadda take, don matsa ta gyambo zai jawo. Kujera ba ta miƙar da ƙashin da ya lanƙwashe. Amfaninta ya zauna daram, ya samu sauƙin numfashi da haɗiyar abinci.

Daga nan sai a zaunar da shi a kan jakar roba cike da ƙananan ƙwayoyi masu kama da gero, yawanci ɗaya a mazauni ɗaya a baya. Ana zuƙe iskar kaɗan, jakar ta yi laushin ƙullu, a yi ta tura ta ƙarƙashin cinya da gefen haƙarƙari har zaman ya daidaita. Sannan a zuƙe sauran, ta sandare. A bar shi ciki kamar minti 20 tukuna, saboda yaro mai irin wannan larura jikinsa kan sanƙare in ya tsorata, siffar da aka ɗauka yana kuka kuma ba tasa ba ce. Ki kai shi da kayan da ya saba sawa, har da famfas in yana sawa.

A da, filasta irin ta ɗaurin karaya ake shafa wa jakar don a kwafi siffar. Yanzu sikana, wato na'urar ɗaukar siffa, ake zagaya ta da ita, cikin 'yan mintoci siffar ta shiga kwamfuta. A nan ake goge tattarar roba, a zurfafa gurbin ƙasusuwan zama, a bar wa abin da za a lulluɓe kujerar da shi wuri, sai injin sassaƙa ya yanko siffar daga dunƙulen soso mai tauri, a lulluɓe da mai laushi. Wasu da firinta ta 3D, wato injin da ke ƙera abu daga siffar da ke cikin kwamfuta, suke bugawa, mai raga-raga don iska ta ratsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne manta auna kusurwar da ke tsakanin mazauni da majingina. Soso ya fito daidai, a ɗaura shi a keke ba daidai ba.

Ranar gwaji ki duba da kanki. Yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa, don in ya yi tsawo zai riƙa janyo shi gaba. Bel ɗin ƙugu ya bi ta saman cinya, ba ta kan ciki ba. Kullum kuma a tura mazaunansa can ƙurya, in ba haka ba tudun da aka yi don tallafe shi ne zai danne shi. A fara da rabin awa, a sauke shi a duba fata. Wurin da ya yi ja, ko duhu da zafi, bai kuma washe ba bayan minti 30, a daina amfani da kujerar har a gyara. Zafin Afrilu a Daura yakan haura digiri 40, soso kuma yana riƙe gumi, don haka ki nemi a huda masa ramukan iska, a ɗinka wa soson riga biyu saboda wanki.

Yaro yana girma, a sake duba shi duk wata 6. Nan ne kwamfuta ta yi rana: fayil ɗin yana ajiye, ana iya gyara shi ko a tura ta intanet inda inji yake. Ki fara da sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In inji bai samu ba, mai kushin zai iya yanka soson da hannu bisa siffar filasta, likita na tsaye a kansa. Amma ban da soson katifa, don cikin ɗan lokaci yake lotsawa, ƙashi ya sauka kan katako.